Daidaita Bayanan Marasa Lafiya Tsakanin Manhajojin Asibiti: Daga Ashige Zuwa Lafia

Daidaita bayanan marasa lafiya shi ne tabbatar da cewa abin da aka rubuta game da mutum a manhajar wani asibiti ya isa sauran manhajojin da ke buƙatarsa, a kan lokaci, ba tare da ma'anarsa ta sauya ba, kuma ya faɗa cikin kundin mutumin da ake nufi. Kundin mara lafiya ya ƙunshi sunansa da shekarunsa, da cututtukan da aka taɓa gano masa, da magungunan da yake sha, da waɗanda jikinsa ba ya karɓa, da rukunin jininsa, da sakamakon gwaje-gwaje. Idan aka sauya wani abu a wuri guda amma sauyin bai isa ɗaya wurin ba, likita na iya yanke hukunci bisa tsohon bayani. A harkar magani irin wannan kuskure kan kai ga asarar kuɗi, wani lokaci har da asarar rai.

Hanyar da bayani ke bi daga Ashige zuwa Lafia

Ashige ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Lafia a Jihar Nasarawa, tana maƙwabtaka da Adogi da Assakio a gabashin garin Lafia. Kamar sauran yankunan karkara, tsarin lafiyar ƙasa ya tanadi cewa mazauna wurin su fara zuwa cibiyar lafiya matakin farko. Idan lamarin ya fi ƙarfinta, sai a tura su babban asibiti, ko asibitin da ke Lafia wanda a da ake kira Asibitin Ƙwararru na Dalhatu Araf, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi.

A ɗauki misalin mai juna biyu da ke zuwa awo a wata cibiya ta yankin Ashige. A zuwanta na farko za a yanka mata kati, a shigar da sunanta cikin rajistar awo, a rubuta awon jininta da nauyinta da sakamakon gwajin fitsari. A wata na takwas sai ma'aikaciyar lafiya ta ga jininta ya hau, ƙafafunta sun kumbura, ta rubuta mata takardar turawa zuwa Lafia. A can za a sake yanka mata wani katin mai lamba daban. Abin da likita zai sani game da watannin baya shi ne abin da ke cikin takardar da ta zo da ita, da abin da ita ko mijinta suka iya tunawa. Idan takardar ta ɓace a hanya, ko an fito cikin dare a gaggauce an manta da ita, likitan ba zai san ko hawan jinin sabo ne ko daɗaɗɗe ba, ba kuma zai san maganin da aka riga aka ba ta ba. Bayan an sallame ta ma, ba lallai ne labarin abin da aka yi mata a Lafia ya koma wa ma'aikaciyar da ta turo ta ba.

Akwai bayanin da ke barin irin wannan cibiya a kowane wata, sai dai ƙididdiga ce. A ƙarƙashin tsarin tattara bayanan lafiya na ƙasa, ma'aikata suna tara alƙaluman da ke cikin rajistoci a kan takardar taƙaitawa ta wata-wata: mata nawa suka zo awo, yara nawa aka yi wa rigakafi, mutum nawa aka samu da zazzaɓin cizon sauro. Ana miƙa takardar ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar da ita cikin manhajar DHIS2. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorantar gina wannan manhaja, ana amfani da ita a ƙasashe sama da 70, kuma a shekarar 2013 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince da ita a matsayin dandalin tattara alƙaluman lafiya na Najeriya. Ta wannan hanya jami'i a Abuja zai iya sanin yawan matan da suka zo awo a wata cibiya, alhali likitan Lafia da matar ke gabansa bai san awon jininta na watan jiya ba. Ƙididdiga tana yi wa mai tsara manufa amfani, mai duba mara lafiya kuwa kundin mutum ɗaya yake nema.

Manhajojin da ke aiki a Najeriya

Fannin da ya fi nisa wajen adana kundin mutum ɗaya-ɗaya a kwamfuta shi ne shirin yaƙi da cuta mai karya garkuwar jiki, domin mai shan maganin rage kaifinta yana buƙatar bibiya har tsawon rayuwarsa. Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da cutar. Shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka, wanda aka ƙaddamar a 2003, shi ya ɗauki nauyin yawancin manhajojin wannan fanni. Manya biyu daga cikinsu su ne NMRS da LAMIS. An gina NMRS a kan OpenMRS, manhaja ta kyauta da aka faro a 2004 domin asibitocin ƙasashe masu tasowa, aka kuma fara aiki da ita a garin Eldoret na Kenya. A Nasarawa, cibiyar nazarin ƙwayoyin cututtuka ta IHVN, wadda aka kafa a 2004, na cikin masu tallafa wa asibitocin da ke ba da wannan magani.

Manhajojin biyu ba iri ɗaya ba ne, amma dukkansu suna aika bayanai zuwa rumbu ɗaya na ƙasa da ake kira NDR. Kowace cibiya tana fitar da bayananta a fayil mai tsari guda da aka amince da shi, bayan an cire sunaye, sannan a ɗora shi a rumbun. Domin kada a ƙirga mutum ɗaya sau biyu, an shigo da ɗaukar zanen yatsu: idan zanen wanda aka yi wa rajista a Lafia ya yi daidai da na wanda aka yi wa a Makurdi, rumbun zai nuna akwai maimaici. Duk da haka an gina rumbun ne domin sa ido da ƙididdiga. Wanda zai sauya asibitin da yake karɓar magani har yanzu takardar canjin wuri ake ba shi ya kai da hannunsa.

Akwai kuma SORMAS, manhajar sa ido kan annoba, wadda aka ƙirƙira bayan ɓullar cutar Ebola a Najeriya a 2014, da haɗin gwiwar cibiyar bincike ta Helmholtz da ke Jamus da hukumomin lafiyar Najeriya. Hukumar NCDC ta yi amfani da ita lokacin ɓarkewar ƙyandar biri a 2017, ta faɗaɗa ta a lokacin annobar korona, kuma da ita jami'an sa ido ke kai rahoton cututtuka irin su zazzaɓin Lassa da kwalara. A 2021 Hukumar Bunƙasa Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa ta shigo da EMID domin rajistar masu karɓar rigakafin korona. Hukumomin inshorar lafiya, har da ta Jihar Nasarawa, suna da nasu jerin sunayen waɗanda suka yi rajista. Manyan asibitoci kuma kowanne kan sayi tasa manhajar daga kamfanin da ya zaɓa. Don haka mutum ɗaya daga Ashige na iya samun kansa a rumbuna huɗu ko biyar, kowanne da lambar da ya san shi da ita.

Sharaɗi na farko: gane mutum

Kafin manhajoji biyu su yi musayar bayani, sai sun tabbatar mutum ɗaya suke magana a kansa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Suna ɗaya kan zo da rubutu iri-iri: Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Hauwa, Hauwa'u, Hawa. Mace kan ba da sunan mahaifinta a wani asibiti, ta ba da na mijinta a wani. Wasu suna sa sunan garinsu a madadin sunan mahaifi. A Lafia, inda Barebari da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa ke zaune tare, mai yankar kati kan rubuta sunan da ba na harshensa ba yadda kunnensa ya ji. Ranar haihuwa ma ba ta cika taimakawa ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, manya da yawa kuma ƙiyasta shekarunsu ake yi a rubuta musu 1 ga Janairu.

Kuskure iri biyu ke fitowa daga nan. Na farko shi ne mutum ɗaya ya samu kundi biyu, tarihinsa ya rabu, rabi nan rabi can. Na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne a haɗe kundin mutum biyu masu suna ɗaya, rukunin jinin wannan ya koma na wancan. Maganin da masana suka tanada shi ne babbar rajistar marasa lafiya, wadda ke riƙe da dukkan lambobin da mutum ke da su a asibitoci daban-daban. Rajistar tana auna suna da jinsi da shekaru da lambar waya da unguwa, ta ba kowanne maki. Idan makin ya yi yawa ta haɗe kundin, idan ya yi ƙasa ta raba, idan kuma ya tsaya a tsakiya ta miƙa wa ma'aikacin ɗakin kati ya duba da idonsa. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN mai alƙaluma 11, wadda hukumar NIMC ke bayarwa, tana sauƙaƙa wannan aiki ga wanda ke da ita. Amma jaririn da aka haifa jiya da wanda aka kawo a sume bayan haɗarin mota ba za su nuna lamba ba, don haka dole manhaja ta iya buɗe kundin wucin gadi da za a haɗe daga baya.

Sharaɗi na biyu: ma'ana ɗaya

Bayani na iya isa lafiya amma a fahimce shi ba daidai ba. Wasu ɗakunan gwaji suna auna sukarin jini da mmol/L, wasu da mg/dL, kuma 7 a ma'auni na farko daidai yake da 126 a na biyu. Idan aka tura lamba ba tare da ma'auninta ba, mai ciwon sukari zai iya bayyana kamar wanda sukarinsa ya faɗi ƙasa warwas. Haka lamarin yake a gwajin yawan jini. Asibitocin Najeriya da dama suna rubuta PCV, wanda yawanci yakan ninka adadin himogulobin sau uku. Idan aka shigar da himogulobin 10 a gurbin PCV, za a ɗauka mace mai ƙarancin jini kaɗan tana buƙatar ƙarin jini nan take. Kwanan wata ma yana da nasa tarko: 03/04 a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a manhajar da aka saita ta da salon Amurka kuma 4 ga Maris.

Saboda haka aka samar da ƙa'idoji na duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin lambobin cututtuka na ICD. A bugu na 10, hawan jini na yau da kullum I10 ne, jijjigar masu juna biyu O15, cutar sikila kuma D57. Bugu na 11 ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2022. LOINC na ba kowane gwaji lamba, SNOMED CT na ba kalmomin likitanci lamba, DICOM kuma shi ne tsarin hotunan asibiti. Dangane da yadda ake tsara saƙon da kansa, ƙungiyar HL7 da aka kafa a Amurka a 1987 ita ce ta fi shahara. Sabuwar ƙa'idarta, FHIR, wadda Grahame Grieve na Australiya ya gabatar a 2011, tana rarraba kundi zuwa ƙananan sassa: mara lafiya, ziyara, awo, magani. Kowace manhaja za ta iya neman sashen da take buƙata ta intanet ba sai ta kwafi kundin gaba ɗaya ba.

Sharaɗi na uku: wane bayani ke rinjaye

A wuraren da wutar lantarki da sabis ba su da tabbas, dole manhaja ta yi aiki ba tare da intanet ba, ta tara sauye-sauye a kwamfutar cibiya ko a waya, ta aika su idan sabis ya dawo. A tsakanin wannan lokaci ana iya sauya kundi ɗaya a wuri biyu. Misali, likita a Lafia ya dakatar da wani magani ranar Litinin saboda ya sa wa mara lafiya ƙaiƙayi da kumburi. Ranar Laraba ma'aikacin cibiyar ƙauye, wanda kwamfutarsa ba ta samu saƙon ba, ya sake ba da maganin bisa tsohon jeri. Idan manhajar tana bin ƙa'idar cewa rubutun ƙarshe shi ke shafe na baya, gargaɗin likitan zai ɓace. Ƙa'idar ma ta dogara da agogon kwamfuta, wanda kan koma baya idan ƙaramin batirinsa ya mutu.

Manhajojin da aka gina da kyau ba sa shafe bayanin likitanci. Kowane awo da kowane umarni ana ajiye shi tare da lokacinsa da sunan wanda ya shigar da shi, gyara kuma yana zuwa a matsayin sabon layi da ke nuni ga tsohon. Ana kuma fayyace wanda ke da ikon kowane bayani: sakamakon gwaji na ɗakin gwaji ne, adadin maganin da aka bayar na ɗakin magani ne. Kowane saƙo yana da lambarsa, domin idan sabis ya katse aka sake aikawa kada allura ɗaya ta zama biyu a kundi. Mai karɓa kuma yana mayar da shaidar cewa saƙo ya iso, wanda bai samu shaida ba sai a sake tura shi.

Akwai kuma batun yadda ake ƙulla manhajojin. Idan kowace za ta haɗu da kowace kai tsaye, manhajoji 5 na buƙatar mahaɗi 10, manhajoji 10 kuma 45. Shi ya sa aka fi son a kafa matattara ɗaya a tsakiya wadda kowa zai yi magana da ita, tare da rajistar marasa lafiya da ta asibitoci da ta ma'aikata. Wannan fasali, wanda ake kira OpenHIE, ya samo asali ne daga aikin da aka yi a Ruwanda kan bayanan mata masu juna biyu. Najeriya tana da rajistar cibiyoyin lafiya ta ƙasa, wadda ke ba kowace cibiya lambarta.

Abin da doka ta tanada

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa shugaban kowane asibiti ya buɗe wa kowane mara lafiya kundi, ya kuma kiyaye shi. Ta ce bayanin lafiyar mutum sirri ne, ba a bayyana shi sai da izininsa a rubuce, ko da umarnin kotu, ko inda doka ta buƙata, ko kuma idan ɓoye shi zai jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Ta ba ma'aikacin lafiya damar miƙa bayani ga wani ma'aikacin idan aikin kula da mara lafiyar ya buƙaci haka. Sashe na 29 ya haramta sauya kundi da ƙarya, da kwafarsa ba da izini ba, da haɗa kwamfutar da ke ɗauke da kundi da wata kwamfutar ba tare da izini ba. Hukuncin shi ne ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar Naira 250,000, ko duka biyun.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta sa bayanan lafiya cikin rukunin masu buƙatar kariya ta musamman. Ta ba mutum haƙƙin neman kwafin bayanansa da neman a gyara kuskure, ta kuma wajabta a sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'o'i 72 idan aka samu kutsen da zai iya cutar da mutane. Wannan na da nauyi a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa. Idan sakamakon gwajin cuta mai karya garkuwar jiki ya faɗa hannun da bai kamata ba, aure na iya mutuwa, wasu kuma su daina zuwa karɓar magani. Don haka mai yankar kati bai kamata ya ga abin da likita ke gani ba, kuma duk wanda ya buɗe kundi ya kamata manhaja ta rubuta sunansa da lokacin.

Darussa daga wasu ƙasashe

A 2002 Birtaniya ta ƙaddamar da shirin samar wa asibitocin Ingila tsarin kwamfuta na bai-ɗaya daga sama. A 2011 gwamnati ta sanar da rushe shi, an kuma ƙiyasta kuɗinsa ya kai kusan fam biliyan 10. Estoniya ta bi wata hanya: asibitoci suka riƙe manhajojinsu, amma tun 2008 suna aika muhimman bayanai zuwa tsarin ƙasa, kuma ɗan ƙasa na iya ganin wanda ya duba kundinsa. A Amurka, wata doka ta 2016 ta haramta wa kamfanonin manhaja da asibitoci toshe musayar bayanai da gangan. Indiya ta ƙaddamar da shirinta na ƙasa a watan Satumbar 2021, inda ake ba mutum lambar lafiya mai alƙaluma 14, ana kuma neman yardarsa kafin a buɗe kundinsa ga wani asibiti. Abin da waɗannan misalai suka nuna shi ne, tilasta wa kowa manhaja ɗaya bai cika yin nasara ba kamar tilasta wa kowace manhaja bin ƙa'ida ɗaya.

Halin da ake ciki

Najeriya ta fitar da tsarin amfani da fasahar sadarwa a fannin lafiya na 2015 zuwa 2020. A 2024 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta ƙaddamar da shirin NDHI, wanda manufarsa ta haɗa da samar da dandalin musayar bayanan lafiya na ƙasa. Umarnin da gwamnatin Amurka ta bayar a watan Janairun 2025 na dakatar da tallafin ƙasashen waje ya fito da wata tambaya fili: wa zai biya albashin masu shigar da bayanai da kuɗin data da gyaran sola a manhajojin da aka gina da kuɗin masu ba da tallafi? Wannan ya sa ake ba hukumomin jihohi shawarar cewa kafin su sayi manhaja su rubuta a yarjejeniya cewa bayanan mallakar asibiti ne, kuma kamfanin zai iya fitar da su bisa ƙa'idar da wasu manhajoji ke ganewa.

Kafin a kai ga haka, takarda ce ke ɗauke da yawancin bayani tsakanin Ashige da Lafia, kuma akwai abin da iyalai za su iya yi. Mara lafiya ya riƙa ba da suna iri ɗaya da rubutu iri ɗaya a kowane asibiti, wanda ke kan katin shaidarsa. Mai juna biyu ta ajiye katin awonta cikin jakar kayan haihuwa, uwa kuma ta adana katin rigakafin ɗanta. A tafi da kwalayen magungunan da ake sha, a kuma faɗa wa kowane likita maganin da ya taɓa ba mutum matsala tun kafin ya tambaya. Mai waya ya ɗauki hoton takardar turawa da sakamakon gwaji. Idan an sallami mutum daga babban asibiti, ya nemi takardar sallama mai bayanin abin da aka yi masa, ya kai wa cibiyar da ta tura shi domin a shigar da ita cikin kundinsa.